Ranar da Tsohuwarmu Ta Tsaya Cak

A ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo babu mace ko ɗaya, kuma ba don ba mu nema ba. Mun nema har muka gaji. Duk gidan da muka je sai a tarbe mu da ruwan sanyi da fara'a, a ce za a yi shawara, shawarar da har yau ba a gama ba. Ni ne mai rubuta wasannin, a lokacin ina koyarwa a wata firamare a unguwar Bolewa, kuma duk wanda ya taɓa rubuta wasa ya san ba a yin labarin gida babu uwa a ciki. Saboda haka dole wani daga cikinmu ya ɗaura zani.

Wanda ya ɗaura ɗin shi ne wanda ba mai zato. Abokina ne tun na ƙuruciya, dillalin shanu a kara, wato kasuwar shanun Potiskum, asalinsu mutanen Nangere ne, da tsagen gidansu a kumatunsa. Mutum ne mai kwarjini, in ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa ya ce an sallama, ba mai ƙara tofawa. Abu ɗaya Allah ya hana shi, gemu, kuma mun sha yi masa tsiya a kan haka. Ranar da ya fara zuwa da zanin, wani tsohon baƙin saƙi na mahaifiyarsa da ta rasu, muka yi ta sheƙa dariya tun kafin ya gama ɗaurawa. Sai ya yafa mayafi ya rufe haɓa, ya ɗan rankwafa, ya dafa ƙugu, ya ja ƙafar hagu, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya tambaye mu ko gidan ubanmu ba a koya mana gaida manya ba. Dariyar ta ɗauke. Wani ma har ya gyara zama.

Na ga maza da yawa suna fitowa a mata, kuma kusan dukkansu ba'a suke yi: su maƙe murya, su yi ta karairaya, a yi dariya a tashi. Shi bai taɓa maƙe murya ba. Da muryarsa yake magana, sai dai ya sanyaya ta, ya saka mata Hausar tsofaffin ƙauye wadda yaren Karekare ke leƙowa ta ƙarƙashinta. Kafin a jima mutane suka daina tambayar wane wasa za a yi, sai dai su tambaya ko Tsohuwa za ta fito.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mana: ba hoto. Kowa a kara ya san yana wasa, ana zolayarsa yana ramawa, domin maganar baki ana yi ne ta wuce. Amma gani ya kori ji. Hotonsa da zani da ɗankwali yana yawo daga hannu zuwa hannu a cikin kara, a gaban Fulanin da ke damƙa masa garkensu bisa amana, da fataken da ke zuwa daga kudu, wannan zai jawo masa sunan da wanki ba ya fitarwa. Ga shi da 'yan mata sun taso a gida. Ya faɗa mana ƙarara, duk ranar da fuskarsa ta fito a hoto cikin wannan shiga, ranar zai ninke zanin ya ajiye. Lokacin wayoyi masu ɗaukar hoto ba su cika hannuwan mutane ba, don haka tsaron bai yi wuya ba. Duk mai hoton da ya doso ƙofar zauren taron makarantar da muke wasa, ni da kaina nake mayar da shi, kuma ba kullum nake yi da ladabi ba.

Ranar Asabar muke wasa, bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Muna toshe tagogi da buhuna don zauren ya yi duhu, mu tayar da ɗan janareta mu kunna ƙwan lantarki biyu a saman dandamali. A cikin masu zuwa kallo akwai wani mutumin Filato, Kirista, ma'aikacin asibiti da ya daɗe a garin. Shi ke ɗaukar hoton ƙirji da na karaya, shi ya sa duk gari Mai Hoton Ƙirji ake ce masa. Wata Asabar sai ga shi da kyamara a wuya da wani ƙarfe mai ƙafa uku a kafaɗa. Na tare shi a ƙofa na ce ya yi haƙuri, nan ba asibiti ba ne, ba mu da mai tari.

Bai ji haushi ba. Ya buɗe jaka ya miƙo mini wasu hotuna marasa launi. Ɗaya na tashar mota ne, rumfuna da bishiyar darbejiya sun fito sarai, motoci kuwa sun zama dogayen layuka kamar an ja tsintsiya a kan rairayi. Ɗayan na kara ne a ranar kasuwa. Turaku suna tsaye ƙyam, shanu da mutane duk sun narke sun zama hayaƙi. Ya yi mini bayani cewa hoton da na sani ƙiftawar ido ne, kyamara ta buɗe ta rufe nan take. Shi kuwa kafa ta yake yi a kan ƙarfen nan, ya buɗe mata ido ya bar shi a buɗe na ɗan lokaci, ba walƙiya ba komai, duk abin da ya wuce ta gabanta ya taru a takarda ɗaya. Abin da ya tsaya zai fito, abin da ya motsa zai shafe.

Na tambaye shi amfanin hoton da ba a ganin fuskar kowa. Ya yi dariya, ya ce da Hausarsa ta mutanen Jos:

"Malam, kullum aikina shi ne in ce wa mutum kar ka motsa, riƙe numfashi. Na gaji da shi. Ina so in ɗauki mutane suna numfashi."

Na kira abokina ya zo ya gani da idonsa. Ya daɗe yana duba hoton kara, yana neman kansa, domin ya gane rumfar da yake tsayawa kuma ya tabbata ranar yana wurin. Bai samu ko hularsa ba. Sai ya kwashe da dariya ya ce a bar mutumin ya shiga. Ai Tsohuwa ba ta san zama ba: in ba ta shara tana korar kaji, in ba ta korar kaji tana gyara ɗauri tana faɗa da surukinta.

Hotunan farko da ya kawo ban so su ba, na kuma faɗa masa a gaban kowa cewa ya ɓata fim ɗinsa. Turmi ya fito, ƙofar langa-langa ta fito, tabarma har da saƙarta, mutane kuwa ba a gane su. Amma da na tafi da su gida na yi ta dubawa, sai na fara ganin abin da ban taɓa gani ba duk zaman da nake yi a gefen dandamali. A wani hoton Tsohuwa ta zama baƙin layi mai lanƙwasa kamar baka tun daga turmi har bakin ƙofa, hannunta ya fito sau uku a sama, kuma ko ba a faɗa maka ba ka san faɗa take yi. Hoton da aka saba ɗauka a wurin wasa yakan kama mutum baki buɗe, ido a rufe, kamar an tsinke masa magana. Wannan kuwa maganar ce gaba ɗaya, daga inda ta tashi zuwa inda ta sauka. Har kurakuraina na gani. Na lura gefen hagu na dandamali kullum fayau yake, ba wanda nake aikawa can.

Daga nan wata al'ada ta shigo mana. Duk Asabar kafin a fara sai Mai Hoton Ƙirji ya baje hotunan makon jiya a kan benci, mu taru muna neman wanda fuskarsa ta fito. Duk wanda aka gane shi ne ragon mako, domin alama ce ya tsaya kamar turke yana jiran layinsa. Akwai wani tela a cikinmu da kullum sai ya fito tas har da maɓallan rigarsa, muka sa shi gaba har ya koyi tafiya yana magana. Ni kuma, da yake bakina ba ya gajiya, na mayar da abin doka: gwanin wasa ba shi da fuska. Abokina bai taɓa fitowa ba ko sau ɗaya. Ya ma karɓi ɗaya daga cikin hotunan ya kafa a zaurensa, abokan cinikinsa suna tambaya yana ce musu hoton guguwa ne.

Haka muka yi shekaru, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan shekarun ba.

Sai na rubuta wasa a kan yaran da ke rakiyar shanu a saman tirela. Tsohuwa tana da ɗa guda, ya bi mota gabas ɗauko shanu, tana ta lissafin abin da za ta yi idan ya dawo. A ƙarshe wani ya shigo ya ce motar ta faɗi kusa da Damagum, ba wanda ya fita da rai. A rubuce na ce ta kurma ihu, ta yar da faifan da ke hannunta, ta faɗi tana birgima. Haka muka gwada, kuma ya yi shi yadda nake so.

Ranar wasan zauren ya cika, mata a ɓangarensu har da masu goyo. Mai kawo labarin ya shigo ya faɗi layinsa. Na jira ihu, ban ji ba. Tsohuwa tana tsaye da faifai a hannu, ta ɗaga kai tana kallon ƙofar zauren ta saman kawunan mutane, ko ƙifta ido ba ta yi. Na ɗauka ya manta ne. Daga gefe na yi ta yi masa raɗa da ƙarfi ya faɗi ƙasa mana, ya faɗi. Ko gezau. Zauren ya yi tsit, ba abin da ake ji sai ƙarar janareta a waje, sannan wata mata a baya ta fashe da kuka, wasu suka biye mata. Da ya motsa daga ƙarshe, ajiye faifan kawai ya yi a kan turmi a hankali, ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba, kuma na san ba ni na rubuta shi ba.

Da aka tashi na tambaye shi abin da ya same shi. Ya ce shi ma bai san ya tsaya ba. Ya ce haka mahaifiyarsu ta yi ranar da aka kawo labarin rasuwar babansu, shi yana ƙarami yana riƙe da gefen zaninta, kuma bai san yana tune da abin ba sai da ƙafafunsa suka ƙi tafiya. Duk cikinmu ba wanda ya tuna da kyamara.

A tsakiyar mako Mai Hoton Ƙirji ya same ni a makaranta, fuskarsa ba walwala. Ya ce ya buɗe idon kyamarar daidai lokacin da mai labarin ya shigo, yana jiran birgimar da ya gani a gwaji. Da ya ga ba motsi ya yi niyyar rufe ta da hularsa, hannunsa ya ƙi. Ya nuna mini. Mai kawo labarin ya shafe, tela ya shafe, komai ya yi hayaƙi, sai ita kaɗai a tsakiya, fuskar ta fito har tsagen kumatu, da ɗan laushi a gefe-gefe saboda numfashi.

Tare muka je gidan abokina da yamma. Mai Hoton Ƙirji ya ba shi haƙuri, ya miƙa masa hoton da guntun fim ɗin da aka wanke shi daga ciki, ya ce babu wani kwafi a ko'ina, ya ƙona su duka biyu. Abokina ya karɓa ya matsa bakin ƙofar zaure inda haske yake. Ya daɗe yana duban hoton. Ni ina ta shirya maganar da zan lallashe shi da ita kada ya bar mu. Sai na ji ya ce, a hankali:

"Inna ce."

Mahaifiyarsu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba har ta koma ga Allah. Ya aika aka kawo ashana ya ƙona guntun fim ɗin a gabanmu. Hoton kuwa ya shiga da shi ciki, ya sa a ƙasan akwatin kayansa. Asabar ta zagayo ya zo ya ɗaura zaninsa kamar kullum, na ce alhamdulillahi, mun tsallake. Ashe an gudu ne ba a tsira ba.

Bayan 'yan watanni matarsa ta haihu, yayarsa ta zo daga Nangere zaman jego. Ita ce babbarsu, ita ta goya shi, kuma irin matan nan ne da in sun shiga gida sai sun juya kowane akwati sun shanya kayan ciki. Ta ci karo da hoton. Shi ya ba ni labari daga baya: ya dawo daga kara ya tarar da ita zaune a tsakar gida da hoton a cinyarta tana kuka tana salati, tana nuna wa matan gidan zanin, tana cewa ita ta raka Inna sayen sa. Ta tambaye shi inda ya samu. Ya ce wani ma'aikacin asibiti ne ya ɗauka, kuma bai yi ƙarya ba. Sauran labarin ita ta ƙarasa da kanta, ta ce lallai lokacin da Inna ta kwanta a asibitin Potiskum ne a ciwonta na ƙarshe, shi ya sa fuskar ta yi haka. Ta yi masa tatas a kan ɓoye mata uwarta duk tsawon shekarun nan. Da ta gama zaman jego ta tafi da hoton, ta sa aka yi masa gilashi, ta kafa a bangon ɗakinta. 'Yan uwa suka yi ta zuwa gani daga ƙauyuka.

Ban yarda ba wanda ya gane ba. Hannun da ke riƙe da faifan hannun mai kama ƙahon bijimi ne, kuma akwai maza a danginsu da suka san yana wasa. Amma wa zai buɗe baki a gaban dattijuwa tana kuka a kan uwarta? Kowa ya bar kaza cikin gashinta.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo wurin wasa hannu rabbana, ba zani. Na hau shi da faɗa. Na ce abin da muke tsoro bai faru ba, ba wanda ya kira shi da wani suna, kara ba ta ji ba ta gani ba, to me kuma ya rage? Ya ce 'ya'yan yayarsa biyu suna karatu a garin nan, suna shigowa kallo. Duk ranar da ɗayansu ya gan shi cikin wannan zanin ya ɗaga kai haka, labari ya isa Nangere kafin dare. Na ce a canza zani. Ya ce fuskar fa? Sannan ya ce:

"Kuma can ana yi mata addu'a, ni a nan in sa a yi mata dariya?"

Na ce to ya je ya faɗa wa yayar tasa gaskiya, ai ba kisan kai ya yi ba. Ya dube ni ya ce in je ni in faɗa mata, zai biya mini kuɗin mota. Ban je ba, domin na san matar, ta sha ba ni tuwo muna yara.

Mun gwada wasu a matsayin Tsohuwa. Kowanne sai ya maƙe murya ya yi ta karairaya, yara su yi dariya, manya su dubi ƙofa. Daga baya na daina sa uwa a wasa, nakan kashe ta tun kafin a buɗe labule, har tela ya tambaye ni ko gidan marayu muka koma. Abokina ya zo kallo sau ɗaya ko biyu, ya zauna a benci na baya, ya fita kafin a gama. Mai Hoton Ƙirji ya ci gaba da ɗauka na ɗan lokaci, amma ya ce da ni hotunan sun yi sanyi, kuma gaskiyarsa ne. Sai shekarun tashin hankali suka zo aka daina taro, shi ya yi ritaya ya koma garinsu, ya bar mini hotunan hayaƙin nan a cikin kwali. Ƙungiyar ba a rushe ta ba, watsewa kawai ta yi. Har yau abin yana ci mini rai. Mutumin da ya fi kowa iya wasa a duk wanda na sani ya bari yana tsakiyar ƙarfinsa, kuma ranar da ya fi kowace rana iyawa ita ta raba shi da dandamali.

Bara yayar tasa ta rasu, na je Nangere ta'aziyya. Bayan mutane sun ɗan ragu, ya shigar da ni cikin gida in gaida mata. Hoton yana nan a bango, ya yi jaja-jaja, an sauya masa gilashi. Wata yarinya ta ga ina kallo ta ce mini kakar babanta ce. Muka fito muka zauna a tabarma a gindin bishiya, shi ya tsufa, ni ma haka. Na san ba wurin maganar ba ne, amma bakina bai taɓa sanin wuri ba. Na rage murya na ce masa yanzu wadda ake ɓoye wa ta tafi. Na ce ya sauke hoton, ya ɗauko zanin, mu yi ko da sau ɗaya ne kafin mu ma a zo tamu ta'aziyyar. Zauren yana nan, kuma akwai wasan da na daɗe da shi a kaina, ban rubuta ba don ba mai yi.

Na ga ya so. Wallahi na gani a fuskarsa, har kafaɗarsa ta ɗan rankwafa yadda take yi in zai fara. Sai ya dubi ƙofar gidan, inda yara ke shiga suna fita.

"Duk waɗannan da wannan fuskar suka san kakarsu," in ji shi. "In na karɓe, me zan ba su?"

Wasu baƙi suka iso daga kara, suka cire takalma suka zauna, ya gyara zama ya ɗaga hannu aka yi Fatiha.